Ciwon Jijiya: Sa'ad da Masu Tsaron Jiki Suka Yi Ɓarna a Gida

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa mun ajiye zancen taki da iri. Za mu yi maganar hannun da yake riƙe lauje, da ƙafar da take shiga fadama. Akwai tambaya ɗaya da takan taso a taron ƙungiyoyinmu daga Birnin Kebbi har Argungu. Mutum ya kamu da kuturta, ya je asibiti, an ba shi magani, yana sha bai fasa ko rana ɗaya ba. Bayan wata uku sai ga hannunsa ya fi dā rauni, fartanya tana suɓuce masa. Me ya faru? Waɗansu sukan ce maganin ne bai karɓe shi ba, su sa ya daina sha. Waɗansu su ce jifa ne. Duka biyu kuskure ne, kuma kuskuren yakan ci hannu. Abin da ya faru shi ne, masu tsaron jikinsa ne suka tashi yaƙi a cikin jijiya. In an gane da wuri akwai magani. In an yi jinkiri, jijiyar ba ta dawowa.

JIJIYA IRI BIYU

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, amma abu biyu ne. Akwai jijiyar jini, wadda ake tsira wa allura. Akwai kuma wata fara, kamar zare, ba jini a cikinta. Ita ce take fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka, ta bi hannu da ƙafa har yatsu. Aikinta uku: tana kai labarin zafi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, tana kawo wa tsoka umarnin motsi, tana kuma sa fata ta yi gumi. Wanda ya taɓa bugun gwiwar hannunsa a bakin kwalekwale ya ji abu ya tsarga masa har ƙaramin yatsa, kamar ya kama minjirya a cikin homa, to wannan jijiyar ya buga. Ita muke nufi a nan.

Kowane zare yana da riga, kamar yadda wayar lantarki take da roba. In rigar ta lalace saƙo yakan yi nauyi ko ya tsaya, amma jiki yana iya gyara riga cikin makonni. In zaren kansa ya mutu, gyara yana da wuya ƙwarai.

SU WANE NE MASU TSARON?

Cikin jinin kowane mutum Allah ya sa fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Su ne ake ce wa garkuwar jiki. Ba iri ɗaya ba ne, kuma in ba mu rarrabe su ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Akwai masu haɗiya, waɗanda sukan kama ƙwayar cuta su haɗiye ta. Akwai masu ba da umarni, waɗanda likitoci suke kira ƙwayoyin T. Su ne suke gane maƙiyi, su zuga masu haɗiya su kashe abin da suka haɗiye. Akwai kuma maƙera, watau ƙwayoyin B. Su ba sa dambe da kowa, kibau suke ƙerawa su zuba cikin jini, kowace kibiya da irin maƙiyin da aka ƙera ta dominsa. Waɗannan kibau su ne antibodi. Sai na huɗu, 'yan gaggawa, masu rugawa inda aka yi rauni. Gawarwakinsu ne yawancin mugunyar da muke gani a maruru.

Sa'ad da likita ya yanki ɗan fata ko ɗan jijiya ya duba a madubin asibiti, ba ƙwayar cuta kaɗai yake nema ba. Yana duba waɗanne masu tsaro ne suka taru a wurin, da yadda suka jeru. Wannan jerin ne yake gaya masa irin ciwon da kuma irin maganin da zai yi aiki.

CUTA ƊAYA, FUSKA BIYU

Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Armauer Hansen, shi ne ya fara ganin ƙwayar kuturta a 1873. Ƙwaya ce mai nawa. Takan ɗauki kusan mako biyu kafin ta rabu biyu, shi ya sa mutum yakan yi kamar shekara 5 da ita, wani har 20, kafin alama ta fito. Ba ta son zafi. Takan zauna a fata, da cikin hanci, da jijiyoyin da suke kusa da fata: a gwiwar hannu, da wuyan hannu, da gefen gwiwa ta waje, da bayan idon sawu, da fuska. Cikin rigar jijiya take ɓuya. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yakan kashe ta ba tare da sun sani ba.

Sauran kuwa, mu ɗauki misalin maza biyu a ƙauye ɗaya.

Na farko masu ba da umarninsa sun gane ƙwayar. Suka tara masu haɗiya suka kewaye ta, suka yi mata ganuwa kamar yadda Kanta ya kewaye Surame. In an duba fatarsa da ƙyar a ga ƙwaya ɗaya. Tabonsa ɗaya ne ko biyu, ya fi sauran fata haske, ya bushe, ba ya gumi, in an taɓa shi da auduga ba ya ji. Wannan mutum da wuya ya sa wa wani. Amma ga matsala: ganuwa tana son fili, cikin jijiya kuwa ba fili. In aka gina ta a can sai ta matse zaren. Don haka mai tabo ɗaya tak yana iya rasa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, su lanƙwashe, tun ciwon bai yi nisa ba.

Na biyu masu ba da umarninsa sun yi shiru, kamar ba su ga kome ba. Masu haɗiya sun haɗiye ƙwayoyin, ba wanda ya ce su kashe, sai cikinsu ya zama rumbun cuta. Maƙera kuwa suna ta aiki dare da rana, jininsa cike da kibau. Amma kibiya ba ta samun wanda ya ɓuya a cikin ɗaki. Ƙwayoyin suna cikin ƙwayoyin jikinsa, antibodi yana yawo a waje. Wannan mutum tabonsa da yawa, fatar fuska da kunne ta yi kauri, gashin gira ya zube, hanci ya toshe. Jijiyoyinsa sukan mutu a hankali, hagu da dama. Shi ne kuma mai yaɗa cutar ta hanci da baki ga waɗanda suka daɗe suna zama da shi, muddin bai fara magani ba.

A 1966 waɗansu likitoci biyu a Ingila, Ridley da Jopling, suka jera masu ciwon kashi 5 daga wancan gefe zuwa wannan, bisa ga abin da ake gani a madubi. Masu yawa a tsakiya suke, ba can ba nan. A ɗakin shan magani na ƙauye ba a bukatar duk wannan. Akan ƙirga tabo. Daga 1 zuwa 5, magani wata 6. Fiye da 5, ko kuma in jijiya ta taɓu, wata 12.

YAƘIN DA YAKE TASHI BAYAN AN FARA MAGANI

Yanzu mun iso tambayar da muka fara da ita. Maganin yana kashe ƙwayoyin da sauri, har mutum yakan daina sa wa wani ba da daɗewa da farawa ba. Amma gawarwakinsu ba sa fita nan da nan. Jiki yakan ɗauki shekaru yana share su. Masu tsaro kuwa ba sa rarrabe rayayye da matacce.

Yaƙin iri biyu ne. Na farko ya fi kama mutanen tsakiya. Masu ba da umarni da suke gyangyaɗi sai su farka farat ɗaya, su auka wa duk inda gawar ƙwaya take. Tsofaffin tabo su kumbura su yi ja, hannu da ƙafa su kumbura, jijiyar gwiwar hannu ta yi kauri kamar igiya, ba ta taɓuwa don zafi. Cikin 'yan kwanaki yatsu su yi rauni, ko ƙafa ta riƙa ja a ƙasa takalmi yana fita, ko ido ya ƙi rufuwa. Ya fi zuwa a watannin farko na shan magani. Yakan kuma zo wa mace a watannin farko bayan haihuwa, gama garkuwar jiki takan lafa lokacin ciki ta dawo da ƙarfi bayansa. Muna roƙon zumuntar mata su riƙe wannan. Mai jego da ta ce hannunta ya mutu, kada a ce sanyin jego ne a ƙara mata ruwan zafi. Hannun da ba ya ji ba ya sanin ruwa ya ƙona shi.

Na biyu na masu ƙwaya da yawa ne, kuma a nan ne kibau suke ɓarna. Antibodi yakan manne wa gutsattsarin matattun ƙwayoyi su dunƙule, su maƙale a ƙananan jijiyoyin jini. 'Yan gaggawa su rugo wurin. Sai mutum ya tashi da zazzaɓi, da jajayen ƙulalai masu zafi a fuska da hannu da cinya, da ciwon gaɓoɓi. Wani ido ya yi ja, wani maraina su kumbura. Yakan lafa ya dawo, wani har shekaru, ko bayan an gama magani an sallame shi.

Duk wanda ya taɓa cinna wa jeji wuta don farautar gafiya ya ga ta tsallaka ta ci rumbu, ya san irin wannan ɓarna.

Akwai kuma na shiru, wanda mu a ganinmu ya fi haɗari ga manomi. Ba zafi, ba kumburi, jijiyar tana mutuwa kawai. Mutum ba zai sani ba sai ran da ya ga jini a takalminsa bai san lokacin da ƙaya ta shige shi ba.

Maganin da ake bayarwa don kwantar da masu tsaro sunansa firednisolon. Akan fara da yawa, a riƙa ragewa a hankali cikin mako 12 zuwa 20. In an fara kafin raunin ya kai wata 6, yawancin jijiyoyi sukan farfaɗo, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon samun sauƙi. Bayan wata 6 begen ya ragu ƙwarai. Ba a daina maganin kuturta don wannan yaƙi ya tashi, tare ake shan su. Muna gargaɗi da babbar murya: kada kowa ya sayi firednisolon a kanti ya sha da kansa. Yana tayar da ciwon sukari da gyambon ciki da tarin fuka, yana sa tsutsar ciki ta yaɗu, kuma daina shi farat ɗaya yana iya kisa. Ma'aikacin lafiya ne zai duba mutum, ya ba shi maganin tsutsa tukuna, ya tsara masa yadda zai rage.

ABIN DA KAKANNINMU BA SU SAMU BA

A shekarun 1930, lokacin da Gwandu da Argungu suke cikin Lardin Sakkwato, mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Magani a lokacin allurar man wani itacen Indiya ce, mai zafi, amfaninta kaɗan. A nan Nijeriya aka sami canji. A Uzuakoli, asibitin mishan na Metodis a gabashin ƙasar, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson mai araha tana warkarwa in an sha kaɗan kaɗan. A can kuma aka gwada kulofazimin a farkon shekarun 1960. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa su da rifamfisin, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Rifamfisin yakan sa fitsari ya yi ja, kulofazimin yakan sa fata ta ƙara duhu. Duka biyu suna wucewa, ba dalilin daina magani ba ne.

A 1998 Nijeriya ta sauko ƙasa da mai ciwo 1 cikin mutum 10,000, sai mutane da yawa suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. A 2023 an sami sababbin masu ciwon fiye da 2,000 a ƙasar nan, a duniya kuwa fiye da 180,000.

Wani likitan mishan a Indiya, Paul Brand, shi ne ya nuna cewa cutar ba ta cin yatsu kamar yadda ake faɗa. Hannun da ba ya jin zafi ne yake ƙonewa a murhu, ƙotar fartanya ta yi masa bororo, a ci gaba da noma a kan raunin har ya kai ƙashi. Watau in an ceci jijiya an ceci yatsu.

Ga kuma wata magana tsakaninmu masu bi. Abin da Littafin Firistoci sura 13 da 14 yake kira kuturta ya haɗa cututtukan fata iri iri, har da abin da yake fitowa a tufa da bangon ɗaki. Ba wannan ƙwaya da Hansen ya gani kaɗai ake nufi ba. Ba gado ba ce, ba la'ana ba ce, ba cin kifi ko naman akuya yake kawo ta ba. Ba a ɗaukarta ta gaisawa ko cin tuwo a kwano ɗaya. Mun tsaya a kan wannan domin kunya ce take cinye wata shidan nan. Mutum ya ga tabo ya rufe da riga, yana tsoron a ƙi auren 'yarsa.

WANI CIWON DA KIBAU SUKE KUSKUREN MAƘIYI

Ba kuturta kaɗai ba ce. Akwai wani ciwo da ake kira Gilan-Bare, da sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916. Ba shi da yawa, mutum 1 ko 2 ne cikin 100,000 a shekara, amma mu masu kiwon kaji ya kamata mu san shi. Sau da yawa yakan biyo bayan gudawa, musamman wadda wata ƙwaya mai zama a hanjin kaji take kawowa ta naman da bai dahu ba, ko ruwan da kashin kaji ya shiga, ko madarar da ba a tafasa ba. Rigar wannan ƙwaya ta yi kama da jikin jijiya. Maƙera suka ƙera mata kibau, gudawa ta warke, kibau kuwa suka koma kan jijiya, masu haɗiya suka bi su suna ɓare ta.

Bayan mako 1 zuwa 3 da gudawar sai mutum ya ji mijirya a tafin ƙafa. Ƙafafu biyu su yi nauyi tare, raunin ya riƙa hawa zuwa cinya da hannu cikin kwanaki. Ba tabo a fata. Ba a ɗauka daga wani. Yawanci sukan warke cikin watanni, amma in raunin ya kai ƙirji numfashi yakan tsaya. Mai irin wannan ba a kwana da shi a gida ana shafa masa mai. A kai shi babban asibiti, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, tun yana iya magana da haɗiyar ruwa. Ku lura kuma: firednisolon da yake ceton jijiyar mai kuturta ba ya amfani a wannan ciwo. Masu ɓarnar dabam ne, yadda suka jeru dabam ne, magani ma dabam.

In yaro ne ƙasa da shekara 15, duk ƙafa ko hannun da ya saki farat ɗaya sai a sanar da ma'aikatan lafiya nan take, domin a ɗauki bayan gidansa sau 2 cikin kwana 14 a duba ko shan inna ne. An tabbatar a watan Agusta 2020 cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, amma ba a daina sa ido ba, rigakafi ma ba a daina ba.

AIKIN ƘUNGIYA

Gwamnati tana da jami'in tarin fuka da kuturta a kowace ƙaramar hukuma, kuma ƙungiyar Kirista ta The Leprosy Mission tana taimakon wannan aiki a Jihar Kebbi. Dubawa da magani nasu ne. Tun 2018 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mutanen gidan mai ciwon, a ba waɗanda ba su da alama rifamfisin sau ɗaya don kariya. Ku tambayi jami'in ko ana yin haka a wurinku.

Namu aikin shi ne lokaci. Jijiya mai kumburi tana bukatar hutu, wani har a ɗaure hannun da ɗan katako. Amma ciwo ba ya duba kalanda. In ya tashi lokacin dashen shinkafa ko yanka, magidanci ba zai zauna ba, gama ya san in ya zauna iyalinsa za su ji yunwa. Zai ce sai bayan kaka. Bayan kaka kuwa hannun ya tafi. A nan ne muke ganin amfanin gayya da asusun ƙungiya ya fi na sayen taki. Kuɗin mota zuwa Argungu ko Birnin Kebbi, da kwana biyu na gayya a gonarsa, ba su kai abin da ikkilisiya za ta kashe tana ciyar da gidansa shekara da shekaru ba.

Wanda ji ya riga ya ɗauke masa, shi ma yana iya noma har tsufa in ya kula. Kowace yamma ya jiƙa hannu da ƙafa cikin ruwa marar zafi kamar rabin sa'a, ya goge kaushi da dutse, ya shafa man kaɗanya tun fatar tana da laima. Ya duba tafin ƙafarsa, in ido bai kai ba matarsa ta duba masa. Ya naɗe ƙotar fartanya da tsumma. Kada ya shiga gonar da aka sare kara ba takalmi, kuma takalmin ya zama mai taurin ƙasa da laushin ciki, ba ƙusa. In ya ga rauni, ko ba zafi, ya huta har ya warke.

Ga gwajin da sakataren ƙungiya zai iya yi sau ɗaya a wata, a keɓe, ga duk ɗan'uwan da yake shan magani ko ya gama cikin shekara biyun da suka wuce. Ya rufe ido, a taɓa tafin hannunsa da na ƙafa da bakin biro a hankali, wuri huɗu ko biyar, ya nuna da yatsa inda aka taɓa. Ya rufe ido da ƙarfi a ga ko akwai rata. Ya ware ƙaramin yatsa, ya ɗaga babban yatsa sama, ya ɗaga tafin ƙafa, ana ɗan turawa a ji ƙarfinsu. A rubuta a littafi da kwanan wata. In abin da ya iya a watan jiya ya gagare shi yau, a kai shi wurin jami'in a cikin makon, da littafin a hannu.